Mashi Biyu da Gammo

A unguwarmu ta Tudun Wada, a Zariya, akwai wani tsoho da muka taso muka tarar ana kiransa Baba Soja. Da dare yana gadi a wani kamfani, da hantsi kuma ya shimfiɗa buzu a zaurensa ya hau gyaran duk abin da ya lalace: takalmi, fitilar ƙwai, kujerar da ƙafarta ta karye, rediyon da ya daina magana. Ban taɓa ganin ya kai wa wani gyara ba. Askinsa ma da kansa yake yi, da guntun madubi jingine a bango. Mu yara in mun hango shi sai mu jeru a bayansa muna "lef, rai, lef, rai", shi kuwa ko waiwaye ba ya yi, sai fa in mun matsa ƙwarai ya juyo ya daka mana tsawa, mu watse muna dariya.

An ce mana ya je yaƙin Bama. Na daɗe ina zaton Bama ta Borno ake nufi, har ina mamakin abin da ya kawo Japanawa can. Sai da na shiga sakandare na gane Burma ce, ƙasar da yau ake kira Myanmar, gabas da Indiya. Wata rana mahaifiyata ta aike ni in kai masa tuwo, na tarar ya buɗe wani gwangwanin alewa da yake ajiye takardunsa. A ciki akwai lambobin yabo da suka dushe, da wani ɗan ƙyalle mai zane, mashi biyu sun gitta juna sun ratsa wani abu zagayayye. Na tambaye shi mene ne wannan zagayayyen. Ya ce, "Kai ɗan Bahaushe ne ba ka san gammo ba?" Sai na yi masa tambayar da kowane yaro zai yi: "Baba, mutum nawa ka harbe?" Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ni ba a ba ni bindiga ba. Adda aka ba ni, da kaya." Na fita raina a ɓace. A ganina an cuce mu, ashe wanda muke yi wa fareti ɗan dako ne.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan, kuma yau in aka ce in nuna abin da ya fi ƙarfafa min gwiwa a tarihin soja, gammon nan zan nuna. Mun iya yabon jarumtar soja, bakinmu ba ya gajiya da kirari. Amma ɓangaren da muke tsinta daga cikinta shi ne wanda ba zai yi wa farar hula amfanin komai ba, mun kuma bar wanda kowa zai iya ɗauka ya tafi da shi gida.

A 1943, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila suka haɗa manyan rundunoni biyu daga sojojin Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, suka riƙa kwasar su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa Burma don su kara da sojojin Japan. Mutanen Nijeriya ne, da na Gold Coast wadda ta zama Ghana, da Saliyo da Gambiya, kusan su 90,000, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Hausa kuwa ita ce harshen bariki tun zamanin da aka kafa sojan ƙasar nan. Yankin da aka jefa su, Arakan, wanda yanzu ake ce wa Rakhine, tsaunuka ne da kurmi da rafuka masu ambaliya, damina kuma in ta sauka sai ta yi watanni ba ƙaƙƙautawa. Mota ba ta shiga. Wani hawan ko alfadari sai ya turje. Don haka aka ware dubban sojoji aikinsu ɗaukar kaya a ka: harsasai, abinci, magani, na'urar sadarwa, da manyan bindigogi da aka warware gunduwa-gunduwa. Su ne ke share filin da jirgi zai jefo kaya, su ne ke ɗauko wanda aka raunata. Runduna ta 81 ma sai da ta sare hanyar ƙaramar mota mai tsawon kimanin mil 75 cikin dajin nan, da adda da diga da shebur, kafin ta gangara kwarin kogin Kaladan a farkon 1944.

Tambarin runduna ta 81 gizo-gizo ne, Ananse na tatsuniyar mutanen Asante na Ghana, wato ɗan'uwan Gizonmu mijin Ƙoƙi. Na runduna ta 82 kuwa shi ne abin da na gani a gwangwanin Baba Soja. Ko wane ne ya zana shi, ya san mashi ba ya isa inda gammo bai kai shi ba. Rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace garin Myohaung a Janairun 1945, kuma har yau sunayen wuraren da suka taka suna kan barikokinmu, muna faɗarsu ba mu san asalinsu ba. Barikin Dalet da ke Kawo a Kaduna sunan wani wuri ne a Arakan. Haka Letmauk a Ibadan, da Myohaung da Arakan a Legas, da Burma Camp a Accra. Barikin Chindit na nan Zariya ya samo sunansa daga dakarun da aka jefa bayan layin Japanawa a 1944, cikinsu har da bataliya uku ta Nijeriya. Na sha wucewa ta ƙofarsa ina yaro, ina tsammanin sunan wani Bature ne.

Yanzu dubi yadda muke sha'awar soja. Bidiyo ne a waya, soja a kan tankar yaƙi ya ɗaura rawani, an ɗora kiɗa, ana ta turo wuta da zuciya a ƙasa. Samari su sayi wandon kaki a gwanjo su riƙa tafiya suna buɗa hannu. Abin da ake so shi ne ƴan mintocin nan na ɓarin wuta, inda namiji ke tsayawa harsashi na wucewa ta kunnensa. Ban raina wannan ba, kuma ban tabbata zan iya ba. Sai dai yawancinmu har mu mutu ba za a gwada mu ta nan ba. To me za ka yi da jarumtar da ba ka da wurin amfani da ita? Ƙarshenta sai ta koma cika baki a majalisa, ko zafin kai a layin mai.

Da na girma na daina yi masa fareti, na koma zama a zaurensa, labarin da Baba Soja ke bayarwa ba shi da wannan armashin ko kaɗan. Matsattsaku ne da ke shiga cikin takalmi, sai an kunna taba an ɗosana musu kafin su saki. Ƙafa ce da ke ruɓewa don ta yi mako ba ta bushe ba. Zazzaɓi ne da atini, waɗanda ya ce sun fi Japanawa kwantar da mutane. Sai kuma abin da ya tsaya min a rai. Ya ce in aka buɗe wuta, mai bindiga yana da abin da zai yi da tsoronsa, ya harba. Mai kaya ba shi da wannan. Zai kwanta ne da akwatin harsashi a gefensa, wanda in wuta ta same shi ba za a tsinci ko ƙashinsa ba, kuma ba shi da damar jefar da shi ya ruga, don in ya ruga mutumin da ke gaba harsashinsa zai ƙare. Da an yi shiru kuma ya gyara gammo, a taya shi, a ci gaba. Gobe haka, jibi haka. "Jikana," in ji shi, "tsoro kowa na ji. Ajiye kayan ne abin kunya."

Hausa ta riga ta faɗi abin da nake nufi, mu ne ba mu saurara ba. Muna cewa dogaro da kai, muna cewa sadaukar da kai, kamar kalmomin taron ƙara wa juna sani. Ga mutanen nan kuwa kai ɗin nan na saman wuya ake nufi. Da shi suka dogara, shi suka bayar.

Na gama bautar ƙasa na yi shekara uku ina yawo da ambulan a hammata. Na samu wani ɗan aiki, bai cika shekara ba aka rage ma'aikata, albashin wata biyu ma ba a biya mu ba. Kawuna yana da rumfar hatsi a kasuwa, ya ce in zo in taya shi, na yi wata huɗu ina kwana-kwana, don kada abokan karatu su gan ni cikin ƙura da buhu. Ranar da yunwa ta kore kunyar na je, mota ta kawo masara, ƴan dako ba su isa ba, na cije na sa aka ɗora min rabin buhu a kai tsirara. Taku goma ban yi ba na ji wuyana zai tsinke. Wani ɗan dako da bai kai ƙanena ba ya yi dariya, ya zare tsumma daga kafaɗarsa, ya murɗa shi ya naɗe a tafin hannu sau uku, ya cusa bakin a ciki, ya ɗora min. Ya ce, "Malam, miƙe wuya, kada ka kalli ƙasa, kuma kada ka yi sauri." Nauyin bai ragu ba, amma ya zauna. A cikin tafiyar nan daga mota zuwa rumfa na tuna gwangwanin alewa, na ji kunyar abin da na raya a raina ranar da na kai tuwo. Yau rumfar da nake ciki tawa ce, kuma ba na jin wani littafin koyon kasuwanci ya yi min abin da tsohon nan ya yi min ba tare da ya sani ba.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Wannan soja na wa ne? Na Turawan mulkin mallaka. Rundunar da ta je Burma jikar wadda ta ci Kano ce a Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a Maris, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda ya yi shahada a Yuli, ta kuma ƙone Satiru a 1906. Hausawa ne da maƙwabtansu ke riƙe da bindigogin, Bature na ba da oda. Waɗanda aka kai Burma ma ba duka ne suka kai kansu ba. An sha ɗora wa sarakuna da hakimai adadin mutanen da za su kawo, kuma kowa ya san ɗan wa ake miƙawa in aka ce a kawo mutum: ɗan talaka, maraya, baƙo. Baba Soja ya ce shi daga gona aka kira shi. Me Bajapane ya yi masa? Ba komai. Yaƙin wasu ne, a ƙasar wasu, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Duk na yarda. Amma wannan tuhuma ce a kan wanda ya aika, ba ta taɓa wanda aka aika ba. Ni ma ai ban zaɓi ƙasar da aka haife ni ba, ban zaɓi shekarar da aiki zai yi wuya ba, kai ma haka. Kusan duk kayan da ke kanmu wani ne ya ɗora. Shi ya sa ma labarin ɗan dakon Burma ya fi kusa da ni a kan na janar ɗin da ya tsara yaƙin. An jefa mutum cikin abin da bai nema ba, ba a ba shi makami ba, ba a yi masa alkawarin suna ba, ya kuma ƙi barin na kusa da shi ya mutu saboda sakacinsa. In ka tambaye shi don wa ya yi, ba zai ce don Sarkin Ingila ba. Zai ambaci wani kofur ɗan Katsina da suka raba gwangwanin nama ɗaya.

A zamaninmu sunan da ke fitowa a bakin kowa shi ne Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, kwamandan tankokin yaƙi da ake wa laƙabi da Sarkin Yaƙi. Yana cikin waɗanda suka ƙwato Baga daga hannun Boko Haram a Fabrairun 2015, aka yi masa ƙarin girma daga manjo a shekarar saboda ƙwazonsa, aka kashe shi a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamban 2016. Abin da ya fi jan hankalina game da shi gidan da ya fito. Mahaifinsa birgediya janar ne, ya yi gwamnan soja a Bauchi, daga baya ya zama basarake a jihar Kogi. A ƙasar da ɗan babba ke samun kujera mai sanyi da waya guda, ɗan wannan gida ya ƙare a bakin iyakar Nijar cikin rairayi. Wannan ma ɗaukar kaya ne. Kuma a bayansa akwai direban da ya kawo man tankar, da makanikin da ya kwana a ƙarƙashinta, da mai dafa abinci, da kurtun da aka binne rana ɗaya da shi wanda ba mu riƙe sunansa ba.

Sai dai ina da tsoro ɗaya game da irin wannan rubutu nawa, kuma gara in faɗe shi. Yabon haƙurin soja abu ne mai daɗi a kunnen wanda ya ci haƙƙinsa. Da zarar ka ce mutumin kirki ba ya ajiye kaya, sai mai ɗorawa ya ƙara buhu. Mazan jiyan da suka dawo daga Burma sun ga haka da idonsu. A Accra, ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano ba makami, za su kai wa gwamna koke a fadarsa ta Christiansborg kan alkawuran da aka yi musu ba a cika ba. Aka buɗe musu wuta, aka kashe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abin da ya gaggauta ƴancin Ghana a 1957. Namu na Arewa yawanci ba su yi maci ba, sun watsu cikin gadi da masinja da aikin ɗan doka. Shekara tamanin bayan yaƙin, tsofaffin sojojin Nijeriya har yanzu suna shimfiɗa tabarma a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, a ajiye furanni, a saki fararen tattabaru, a busa bigila. Tattabarun su tashi, fayil ɗin matar mamaci yana nan inda yake.

Masu wa'azin dogaro da kai daga cikin ofis mai sanyi su ma ga abin da suke tsallakewa. Sojojin nan da suka ratsa daji da ƙafa, jirage ne ke bin su suna jefo musu abinci da harsashi da lema. Runduna ta 81 ta yi watanni a Kaladan ba abin da ke isa gare ta sai ta sama. Su sare fili, jirgi ya zo. In jirgi bai zo ba, ƙarfin wuya ba ya hana yunwa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, gaskiya ne, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ma gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar buhu ya san sai an taya shi kafin ya hau kai. Gwamnan da ke cewa matasa su tashi su nemi na kansu, alhali babu wuta, babu hanyar kai amfanin gona kasuwa, gonar ma ba ta shiguwa saboda ƴan bindiga, kamar kwamanda ne da ya tura mutane daji ya hana jirgi tashi, sannan ya tsaya yana yi musu kirari.

Haka kuma sha'awar da nake wa soja ba ta rufe min ido ba. Mutanen Tudun Biri a Kaduna suna taron Mauludi a daren 3 ga Disamban 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa musu bam, mutum fiye da 80 suka mutu, rundunar ta amsa cewa kuskurenta ne. Duk wanda ya taɓa ganin an sa dattijo tsallen kwaɗo a shingen bincike ya san kaki ba ya mai da mutum waliyyi. Wanda ya yi wannan ya riƙe mashi ya manta da gammo, kuma ba daga wurinsa nake ɗaukar darasi ba.

Baba Soja ya rasu ina shekarar ƙarshe a jami'a, kafin in shiga kasuwa, don haka bai taɓa ganina da buhu a ka ba, ban kuma samu damar ba shi haƙuri kan abin da bai ma san na yi ba. Ba a busa masa bigila ba. Mutanen unguwa ne suka yi masa sutura, muka karɓi makara hannu-hannu har maƙabarta, ba shi da nauyi ko kaɗan. Bayan shekaru na je gaida iyalinsa, na tarar jikoki sun daɗe da wasa da lambobin har sun ɓace. Gwangwanin na nan, an mai da shi na allura da zare. Na ce da babbar ƴarsa, "Inna, akwai wani ɗan ƙyalle a ciki da." Ta zazzage a tabarma, ga shi a ƙasa ta soke allurai a jikinsa. Ta zare su ta miƙo min tana mamakin abin da zan yi da tsumma. Yana cikin aljihun teburin rumfata, ƙarƙashin littafin bashi.